Darasi na 9: Bin Sawun Tsohon Soja a Cikin Takardu

A ƙarƙashin gadon mahaifinmu, a ɗakinsa na Zangon Agege, akwai wata adakar ƙarfe da ba mai taɓa ta. Sai bayan rasuwarsa, da aka zo rabon gado, aka fasa kwaɗon. Ba mu sami kuɗi ba. Lambobin ƙirji uku muka tarar a ƙulle cikin tsumma, da wani ƙyalle rawaya mai hoton baƙin gizo-gizo, da ɗan littafi wanda gara ta cinye gefensa. Mun san Baba ya je yaƙin Bama, don duk unguwa Saje ake kiransa. Amma da ƙaramin ɗana ya tambaye ni ina ne Bamar, kuma me kakansa ya yi a can, sai na rasa ta cewa. Shekara talatin ina zaune da mutumin, ban taɓa tambayarsa ba.

Na san a ajin nan akwai masu irin wannan adaka a gida. 'Yan Najeriya fiye da 100,000 ne suka sa kaki a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila, daga 1939 zuwa 1945. Da yawansu 'yan Arewa ne, har ma Hausa ce harshen bariki a lokacin. Da jiragen ruwa suka dawo da su Ikko, wasu ba su ƙarasa gida ba. Suka tsaya nan, wani ya kama gadi, wani ya shiga aikin reluwe, wani ya faɗa fataucin goro a Agege. Wannan darasi zai nuna yadda ake bin sawun irin wannan mutum, daga ɗakinsa har zuwa ɗakunan da gwamnati ke ajiye tsofaffin takardu.

Kafin mu ci gaba, Bamar da muke magana ba ta Borno ba ce. Ƙasa ce a gabas da Indiya, a takarda za ka ga an rubuta Burma, yanzu kuma sunanta Myanmar.

Fara daga gida

Kada ka kashe ko sisi a mota kafin ka gama da abin da ke hannunka. Abu biyu kake nema, lambar soja da sunan bataliya. Soja ba ya ajiye mutum da sunansa, da lamba yake ajiye shi. Lambar 'yan Najeriya tana farawa da haruffan NA, ta mutanen Gwalkwas, wato Gana ta yau, tana farawa da GC. Mafi sauƙin wurin samunta shi ne littafin sallama da ake ba soja ran da ya ajiye kaki. A ciki akan sami ranar shiga, ranar fita, muƙami, rukunin da ya yi aiki, da shaidar halinsa. Idan littafin ya ɓace, duba takardar fansho, katin ƙungiyar tsofaffin sojoji, tsohuwar wasiƙa, ko bayan hoto. Ka ɗauki hoton kowane shafi da waya tun kafin ka fara jujjuya shi, domin takarda mai shekara 80 ba ta jure hannu.

Lambobin ƙirji ma suna magana. Tauraro mai kusurwa shida da aka rubuta Burma Star a jikinsa, mai zare shuɗi da ja a tsakiya da ratsin ruwan lemo, shaida ce mutum ya yi aiki a fagen Bama tsakanin Disamba 1941 da Satumba 1945. Africa Star, mai zare launin rairayi, ta waɗanda suka yi yaƙi ne a Arewaci ko Gabashin Afirka, kamar 'yan Najeriyar da suka shiga Mogadishu a Fabrairu 1941 suka bi Italiyawa har cikin Habasha. Waɗannan taurari galibi ba su da suna a jikinsu, kuma ana sayar da su a kasuwa, don haka su kaɗai ba su isa hujja ba. Lambar jarumta daban take, irin su Military Medal. Juya ta ka duba bakinta, a nan ake buga suna da lamba.

Daga nan sai tsofaffi. Ni ƙanwar mahaifina na je wa, na ce, "Gwaggo, wace shekara Baba ya tafi soja?" Ta yi dariya ta ce, "Kai ɗan nan, ina na san shekarar Nasara? Ya dai tafi Sarki Dikko na da rai, ya dawo ya tarar da Nagogo." To, ta ba ni amsa ba ta sani ba. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rasu a 1944, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi. Ke nan Baba ya tafi kafin rasuwar Dikko a 1944, ya dawo bayanta. Haka ake tambayar tsoho: wane sarki ne a kan gado, rani ne ko damina, an haifi wane ko ba a haife shi ba. Kuma ka rubuta sunayen wuraren yadda suka fito daga bakinsa, ko da ba su yi maka kama da komai ba. Daga baya za su yi.

Sunan da ke takarda

Nan ne mutane da yawa ke ɓacewa, shi ya sa zan daɗe a kai. Akawun soja ba ya tambayar sunan uba da na kaka yadda muke yi. Yakan rubuta sunan yanka, ya liƙa masa sunan gari. Sai ka ga Musa Kano, Garba Sokoto, Audu Bauchi, ɗaruruwa a bataliya guda. Garin ma ba lalle ne na haihuwa ba, sau da yawa wurin da aka ɗauki mutum ne, ko babban garin da akawu ya taɓa jin sunansa. Mahaifina ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Katsina, amma a littafinsa Kano ce ke bin sunansa, don can ya je cin rani aka rubuta shi. Wani ya gudo daga gida ne, ya sake suna don kada a gano shi. Wani ba Bahaushe ba ne, ya ɗauki sunan Hausa don shi ne ke tafiya a bariki. Wasu kuma daga ƙasar Faransi suka tsallako, daga Damagaram ko Maraɗi ko Cadi.

Sai matsalar rubutu. Bature yana rubuta abin da kunnensa ya ji. Muhammadu zai iya zama Momo, Mama, Mamadu ko Momadu. Audu ya zama Awudu, Alhassan ya zama Allasan, Katsina ta zama Katsena, Haɗeja ta zama Hadeija. Ɗauki takarda ka jera duk yadda za a iya karkata sunan mahaifinka, ka riƙa gwada su ɗaya bayan ɗaya. Idan ka ci karo da suna iri ɗaya amma lamba daban, wani mutum ne, komai yadda zuciyarka ke son ya zama naka. Na taɓa ganin wanda ya buga wa danginsa waya yana kuka, wai ya gano kabarin kakansu, alhali kakan ya rasu a Agege a gaban jama'a, an yi masa sallah.

Wace bataliya

Sojojin Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila suna cikin runduna ɗaya mai suna Royal West African Frontier Force, a taƙaice RWAFF, kuma ɓangarenmu shi ne Nigeria Regiment. A 1943 aka haɗa manyan runduna biyu don yaƙi da Japan, ta 81 da ta 82. Alamar ta 81 ita ce baƙin gizo-gizo a kan rawaya, wato ƙyallen da muka samu a adaka. Ananse ne na tatsuniyoyin Ashanti, ɗan'uwan Gizonmu na Ƙoƙi. Alamar ta 82 masu biyu ne a gicciye a kan gammo.

Bataliyoyin Najeriya sun rabu kamar haka. Ta 4 tana cikin runduna ta 81, ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan a 1944. Ta 6, ta 7 da ta 12 an zare su an haɗa da dakarun Janar Wingate da ake kira Chindit, waɗanda aka jefa bayan layin Japanawa a wannan shekarar. Ta 1, ta 2, ta 3, ta 5, ta 9 da ta 10 suna cikin runduna ta 82, wadda ta bi yankin Arakan, kuma rundunonin biyu suka haɗu a kan garin Myohaung a Janairu 1945. Wanda ke zaune a Legas ya sha jin waɗannan sunaye ba tare da ya lura ba. Barikin Myohaung da na An suna Yaba, na Arakan da na Tamandu suna Apapa, na Dodan yana Ikoyi. Duk sunayen wurare ne a Bama. Haka barikin Dalet a Kaduna, da na Letmauk a Ibadan, na Chindit a Zariya kuma sunan dakarun Wingate ya ɗauka. Idan tsohonku yana yawan ambaton ɗaya daga cikinsu, ka sami bakin zare.

Ba kowa ne ya riƙe bindiga ba. Dajin Arakan tudu ne da kwazazzabo, mota ba ta shiga, saboda haka akwai rukunoni na musamman na sojoji masu ɗaukar harsashi da abinci da sassan igwa a ka. Gammon da ke alamar runduna ta 82 ba ado ba ne. Akwai direbobi, masu dafa abinci, ma'aikatan asibiti, masu gyaran hanya. Idan takarda ta nuna mahaifinka dako ya yi, kada ka ɓoye ta don kunya. A ganina wanda ya hau tudu da akwatin harsashi a kansa, ana harbi, ba shi da abin ramawa, ba a fi shi zuciya ba.

Inda takardun suke

Takardun kowane soja ɗan ƙasa ba a kwashe su zuwa Ingila kamar na Turawa ba, nan aka bar su. Ofishin ajiye bayanan sojojin ƙasa na Najeriya yana Lakwaja, hukumar fanshon soja kuma tana Abuja. Kafin ka nufi ko ɗaya, fara da ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji, Nigerian Legion, mafi kusa da kai. Sukan san hanyar da ake bi, wani lokaci ma sunan tsohon yana cikin rajistarsu. Rubuta gajeriyar wasiƙa da ta ƙunshi sunansa yadda yake a takarda, lambarsa, bataliyarsa, dangantakarka da shi, da abin da kake so a ba ka. Haɗa da kwafi, ainihin takardun su zauna a gida. Ka tafi da haƙuri kuma. Ni akwai ofishin da na je sau uku ana ce mini mai makullin ya fita, ran da aka buɗe ɗakin kuwa rabin fayilolin ruwan sama ya manne su sun zama dunƙule.

Ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa, wadda Farfesa Kenneth Dike ya assasa a 1954, tana da manyan rassa a Ibadan, Kaduna da Inugu. A nan da wuya ka sami fayil mai sunan mahaifinka. Abin da za ka samu shi ne takardun Razdan da Di'o da En'e: yadda aka nemi sarakuna su kawo samari, kuɗin da ake aika wa matan sojoji, koke-koken waɗanda suka dawo suna neman aiki ko haƙƙinsu. A Kaduna an jera su lardi-lardi, KANOPROF na Kano, SOKPROF na Sakkwato, ZARPROF na Zariya, KATPROF na Katsina. Mu na Agege Ibadan ce ta fi mana kusa, tana cikin harabar jami'a, kuma fayilolin COMCOL na can su ne na yankin Legas. A 1945 an yi doka ta musamman kan ɗaukar tsofaffin sojoji aiki, don haka wanda ya tsaya Ikko neman aiki yana iya fitowa a jerin sunaye ko a takardar koke mai ɗauke da dangwalen yatsansa. Idan ka je Kaduna, ka leƙa Gidan Arewa, ka kuma nemi tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Janairu 1939, Abubakar Imam yana editanta. Ita ce ta riƙa kai wa mutanen Arewa labarin yaƙin da Hausa.

Mafi daɗin takardun suna ma'adanar gwamnatin Ingila da ke Kew, a gefen Landan. Kowace bataliya tana da kundi da hafsa ke cikewa kullum: yau muna wuri kaza, mun yi tafiyar mil kaza, an yi arangama, an kashe mutum kaza, an raunata kaza. Na fagen Bama suna ƙarƙashin lamba WO 172, na zaman Afirka ta Yamma WO 173, na Gabashin Afirka da Gabas ta Tsakiya WO 169. Jerin sunayen kundayen yana intanet, kana iya dubawa daga wayarka. Karanta su kuwa sai an je, ko a biya a yi kwafi, ko ka roƙi wani ɗalibi da ke can ya ɗauko maka hoto. Kada ka sa rai da yawa. Kundin yakan kira hafsan Bature da sunansa, baƙaƙen sojoji kuma ya ba da adadinsu kawai. Duk da haka, idan ka san bataliyar da watannin da mahaifinka ya yi a cikinta, kana iya bin ƙafarsa rana-rana. Ta haka na gane cewa labarin jirgin da ke jefo wa su Baba abinci daga sama, wanda muke ɗauka ƙarin gishiri ne nasa, gaskiya ne: runduna ta 81 a Kaladan ta sama ake ciyar da ita.

Wanda ya sami lambar jarumta ya fi sa'a. Takardun da aka rubuta don neman a ba shi suna cikin WO 373, ana neman su da suna a intanet, kuma suna faɗin abin da mutum ya yi, da wuri, da rana. Irin su Samanja Chari Maigumeri, wanda aka sa wa barikin Lakwaja sunansa, tarihinsu bai ɓace ba saboda irin wannan shaida.

Idan asalinku Nijar ne kuma tsohon a ƙarƙashin Faransa ya yi soja, hanyarku daban ce. Takardun irinsu suna cibiyar adana bayanan ma'aikatan soja da ke garin Pau a Faransa, kuma da Faransanci ake rubuta musu.

Idan bai dawo ba

Akwai hukuma mai kula da kaburburan sojojin ƙasashe renon Ingila, Commonwealth War Graves Commission. Shafinta na intanet kyauta ne, ya ƙunshi waɗanda suka rasu daga 3 ga Satumba 1939 zuwa 31 ga Disamba 1947. Sa suna, ka zaɓi RWAFF, ka gwada duk rubutun da ka jera. Waɗanda ba a san kabarinsu ba an sassaƙa sunayensu a bangon tunawa na Rangoon da ke maƙabartar Taukkyan, mai sunaye kusan 27,000. Wasu suna kwance a Chittagong da Maynamati, a Bangaladash ta yau. Wasu ko jirgi ba su hau ba, ciwo ya ɗauke su a nan, suna maƙabartar Yaba, tafiyar mota ɗaya ko biyu daga Agege.

Idan takarda da baki suka saɓa

Littafin sallamar mahaifina farabiti ya ce, ba saje ba. Da na gaya wa Gwaggo, cewa ta yi, "To, ai mutanen kamfanin da ya yi wa gadi ne suka sa masa." Shi ke nan, takarda ta yi gaskiya, unguwa ma ba ta yi ƙarya ba. Amma akwai inda takarda ce ke kuskure. Shekarun haihuwa yawanci ƙiyasi ne, likita ya dubi ƙirji da haƙori ya yanke. Kalmar da ke nuna mutum da kansa ya kawo kansa ma sai an yi hattara da ita, don a wurare da yawa dagaci aka ce ya kawo samari kaza, ya kawo. Kundin bataliya kuma Bature ne ya rubuta shi don manyansa. Ba za ka ji a ciki yadda aka yi azumi a daji ba, ko wa ya yi wa mamaci sallah, ko abin da soja ya ji da ya tarar da Musulmi masu salla irin tasa a ƙauyukan Arakan. Wannan sai a bakin tsofaffi, ko a rubutun waɗanda suka je, kamar Isaac Fadoyebo, wanda aka harba a bakin Kaladan a 1944, wani manomi Musulmi ya ɓoye shi wata da watanni, ya dawo Legas ya rubuta labarinsa.

Saboda haka ka raba littafinka gida biyu. Hagu ka rubuta abin da takarda ta ce, da lambar fayil da inda ka gan shi. Dama ka rubuta abin da aka faɗa maka, da wanda ya faɗa, da ranar. Kada ka gauraya su, kada kuma ka goge ɗaya don ya dace da ɗayan.

Gargaɗi ɗaya kafin mu tashi. Da zarar an ji kana wannan bincike, wani zai zo ya ce akwai kuɗin Turawa da ke jiran iyalan 'yan Bama, ka kawo na fom. Ni ma an zo mini, har da takarda mai hatimi. Kada ka ba kowa kuɗi babu rasit, kada kuma ka saki ainihin littafin sallama ko lambobin, ko da na kwana ɗaya ne.

Aikin mako

1. Nemo takarda, lamba ko hoto ɗaya na wani tsohon soja a gidanku ko maƙwabta. Kwafe duk abin da ke rubuce a jiki, harafi-harafi, har da abin da ba ka gane ba.

2. Rubuta sunan tsohon ta hanyoyi biyar da akawun Bature zai iya rubuta shi.

3. Zauna da wanda ya fi kowa tsufa a danginku, ka yi masa tambaya uku da ba su buƙatar sanin shekarar boko. Rubuta amsar da kalmominsa.

4. Wani ya ce mahaifinsa yana bataliya ta 7 ta Nigeria Regiment a 1944. Da waɗanne dakaru ya yi yaƙi, kuma a ƙarƙashin wace lamba za a nemi kundin bataliyarsa a Kew?

5. Rubuta wasiƙar neman bayani wadda ba ta wuce layi goma ba, ka zo da ita aji mako mai zuwa mu gyara tare.